Yadda za ki yi girki da gashin kek daga littafi a ɗakin makaranta a Jos, ba oben ba sikeli

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Jami'ar Jos na hostel ɗin Naraguta da Abuja da Village, da waɗanda suka kama ɗaki a Angwan Rogo da kewayen Bauchi Road. Wannan bayanin na duk wadda littafin girki ya shigo hannunta ne, ko kyauta aka ba ta ko ta saya wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Terminus, kullum tana buɗe hotuna yawu na tsinkewa amma ta rasa ta ina za ta kama. Zan ta cewa "ki" ne don mu muka fi yawa a harkar, amma samari ku ma ku matso kusa, Indomie da ƙwai safe da dare har a gama digiri ai da sake.

Abin da za ki fara sawa a ranki shi ne wadda ta rubuta littafin nan a kicin ɗinta ta gwada komai, tana da oben mai nuna zafi, tana da sikeli da firij da injin buga ƙwai, ke kuma abin da ke gabanki ƙaramar tukunyar gas ce ko risho, tukwane biyu, muciya, da lungu ɗaya a bayan ƙofa. To fiye da rabin aikin tun kafin a kunna wuta ake yin shi, wato ki zauna da fensir ki mayar da girkin nan ya dace da ɗakinki.

Mataki na farko, zaɓe da karatu

Kar ki fara da wanda hotonsa ya fi kyau, shi ya fi wahala yawanci. Ki nemi wanda kayan haɗinsa ba su wuce takwas zuwa goma ba kuma tukunya ɗaya zai ci. In kin samu ki karanta shi daga sama har ƙasa sau biyu, don a tsakiya ake ɓoye tarkon, sai kin haɗa komai kin ɓata bota da ƙwai sannan ki ga an ce a saka a firij ya kwana, ko a markaɗa a bilenda alhali babu wuta tun safe. Ki duba kuma na mutum nawa aka rubuta. Yawanci na mutum 4 ne ko 6, in ke kaɗai ce ko ku biyu sai ki raba komai biyu ki rubuta sabon adadin a gefen shafin, kar ki ce za ki riƙe a ka, albasa na soyuwa lissafi ba ya zama. In rabon ya faɗo kan rabin ƙwai, ki fasa ki kaɗa ki ɗebi rabi. Lokacin dahuwa dai ba a raba shi biyu, yana raguwa kaɗan ne kawai.

Na biyu, awo, kuma nan zan daɗe don nan aka fi faɗuwa

A miya da dafa-duka ido da harshe sun isa, haka iyayenmu suke yi kuma lafiya lau. Amma kek da biredi ba su san wannan ba, ɗan ƙari ko ragi a fulawa ko bekin foda sai komai ya canza.

Kofi na littafi ba kofin shan shayinki ba ne, awo ne tsayayye, wajen mililita (mil) 240. Gwangwanin madarar ruwa da muke auna komai da shi a gida bai kai haka ba, kusan kashi biyu cikin uku yake ci, wato gwangwani ɗaya da rabi ne zai ba ki kofi ɗaya. Hanya mafi sauƙi, ki sami kofi biyu na roba iri ɗaya masu nuna ciki, ki fasa fiyawota ɗaya wanda mil 500 ne ki raba musu daidai, ki ja layi da alƙalamin maka inda ruwan ya tsaya, kin sami mil 250 kenan, bambancinsa da na littafi bai kai ya dame ki ba. Cokali kuma iri biyu ne, inda aka rubuta tsp ƙarami ne mil 5, inda aka rubuta tbsp babba ne mil 15, wato uku na ƙaramin. Ki kula da waɗannan biyun sosai, harafi ɗaya ya raba su amma in kika zuba bekin foda da babba a maimakon ƙarami kin ninka shi uku, kek zai yi ɗaci ya kuma rushe. Don ki san girman cokulanki na ɗaki, ki wanke murfin awo na maganin tari mai alamar mil 5 da 10 ki gwada su da ruwa. Kuma duk cokalin da littafi ya ce a shafe ne, ba a toza ba, ki bi kansa da bayan wuƙa.

In littafin da giram ya yi magana, ga abin da za ki rubuta a bangon ciki: kofin fulawa wajen giram 125 ne, kofin suga giram 200, babban cokali 16 su ne kofi ɗaya. Littattafan Amurka suna auna bota da sanda, sanda ɗaya giram 113 ce, to ledar bota mai giram 250 da muke saya ta ɗan haura sanda biyu. Inda kika ga oz giram 28 ne, lb kuma giram 454. Zafin oben na 350 a ma'aunin Amurka shi ne wajen 180 a namu, shi ne kuma lambar gas 4 a tsofaffin littattafan Ingila, duk matsakaicin zafi suke nufi.

Fulawa kuma ba a nitsa kofi cikin leda a danno ta, tana dannuwa ki ɗebi fiye da ƙima. Ki tankaɗe ta da rariya tukunna, ki riƙa zubawa a kofin da cokali har ya cika sannan ki shafe.

Na uku, cefane da musanye

Gaskiya mu 'yan Jos Allah ya hutar da mu ta nan. Kayan lambun da ɗalibar wani garin za ta gani a littafi ta rufe shafin, mu a Farin Gada a jibge suke, kabeji, karas, koren wake, fis, koren tattasai, latas, kokwamba, har burokoli da farin kabeji mai fure da seleri ana samu, ga dankalin turawa na Bokkos da Mangu, ga sitiroberi na yankin Vom lokacin sanyi. Ki je da safe, kuma ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi kwando ko kashi babba ku raba, ya fi ki riƙa sayen na ɗari-ɗari a bakin geti. Fulawa, suga, bota, bekin foda, filebo da gwangwanin kek na alminiyom kuwa shagunan kewayen Terminus, babbar kasuwar ta ƙone tun 2002 amma ciniki bai tashi daga wajen ba.

Abin da babu sai a musanya. Gwangwanin tumatir yankakke mai giram 400 da suke yawan sawa, ɗanyen tumatir matsakaita huɗu ko biyar ne. Romon kaza na kwali, ruwan tafashen namanki ne ko dunƙule ɗaya a kofi biyu na ruwan zafi, sai ki rage gishiri. Ganyen miyarsu alayyahu ya tsaya masa, ganyen ƙamshin da suke sawa a miyar taliya ɗoɗɗoya 'yar uwarsa ce sai dai ta fi ƙarfi, ki sa kaɗan. Kirim na miya, madarar gwangwani. Inda aka ce kuskus ki gwada acha, tana saurin dahuwa kuma ga ta nan a garinta. Madara mai tsami da suke kwaɓa fankek da wasu kek da ita, nono ko kindirmo marar suga ya yi, ko ki matsa babban cokali ɗaya na lemon tsami a kofin madara ki bari minti biyar. Fulawa mai tashi da kanta, ki haɗa taki, kofi ɗaya na fulawa da ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bekin foda da ɗan gishiri. Littattafan waje kuma za ki ci karo da giya a miya da naman alade, ba sai kin watsar da girkin ba, giyar ki maye ta da ruwan nama da ɗan matsin lemon tsami, naman kuma busasshen kifi ko 'yar kilishi da aka yayyaga suna ba da wannan ƙamshin hayaƙin.

Abu ɗaya da ba a musanyawa kai tsaye, bekin foda da bekin soda. Sodar ta fi ƙarfi kuma sai da abu mai tsami a kwaɓin take aiki, irin nono ko nunanniyar ayaba. Kuma kafin ki yi amfani da bekin foda da ta jima a loka ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in ta yi kumfa shuuu tana da rai, in ta yi shiru ki sayi wata.

Na huɗu, gyaran Jos

Wannan ba za ki gan shi a yawancin littattafai ba. Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga matakin teku, iska ba ta da nauyi irin na ƙasa. Shi ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 ba 100 ba, wake da ganda su ɗauki lokaci fiye da yadda littafi ya faɗa, don haka ki jiƙa wakenki tun dare ki kuma rufe tukunya da kyau, gas ɗinki kike tattalawa. A kek kuma, kumfar da ke cikin kwaɓi tana kumbura da sauri tun kafin jikin kek ɗin ya ƙame, sai ki ga ya taso gwanin sha'awa can kuma tsakiyar ta lotsa kamar ramin dara. Maganin, a kowane ƙaramin cokali na bekin foda ki rage kwata, ki rage suga babban cokali ɗaya a kowane kofi, ki ƙara madara ko ruwa cokali ɗaya zuwa biyu don a nan abu yana saurin bushewa, balle da hunturu. Ƙawarki ta Gwagwalada ba ta buƙatar wannan, can ƙasa suke, in ta turo miki awonta ki gyara.

Na biyar, haɗa oben na tukunya

Da farko ki san dokar hostel ɗinku game da gas da risho na lantarki, kar ki ja a kwashe miki kaya. Ki sami tukunya mai faɗi mai kauri da murfi mai rufuwa ruf, wadda gwangwanin kek zai shiga ya bar fili yatsa biyu ko uku ta kowane gefe. Ki zuba yashi mai tsabta wanda kika wanke kika shanya ya bushe ƙarau, kaurin yatsa biyu, in babu yashi gishiri na awo yana yi. A kan yashin ki ɗora abin da zai ɗaga gwangwanin, ko ƙarfen ɗora tukunya ko duwatsu uku masu tsayi ɗaya, don in gindin ya zauna kan yashi kai tsaye ƙasa za ta ƙone sama tana ɗanya. Ki rufe ki bar ta a matsakaiciyar wuta minti 10.

Yadda za ki gane zafin ya kai, ki barbaɗa 'yar fulawa a murfin gwangwani ki saka ciki ki rufe. In bayan minti biyar ta yi ruwan zuma, kin sami matsakaicin zafin da littafi ke nema. In ta yi baƙi kafin nan wuta ta yi yawa, in tana nan fara ki ƙara jira.

Masu gawayi da kurfoti ma suna yi, har nasu ya fi yin ja a sama don suna iya zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Amma don Allah don Annabi a waje, ko a baranda. Na san sanyin Disamba da Janairu a garin nan, mutum zai so ya ja kurfoti ɗaki ya rufe taga ya ce ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa cikin barci. Ko gas ne ki bar taga a buɗe.

Na shida, kek ɗin kansa

Ga awon da ya dace da gwangwani mai faɗin santimita 15 zuwa 18, na riga na yi masa gyaran Jos: bota giram 125 wato rabin leda, suga babban cokali 9, ƙwai manya 2, fulawa kofi 1, bekin foda kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, madara babban cokali 3, filebo rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan tsunkule.

Ki auna komai ki jera a gabanki kafin ki taɓa muciya. Ki shafa wa gwangwanin bota ciki da gefe, ki barbaɗa fulawa ki jujjuya ki kakkaɓe. In lokacin sanyi ne botar za ta yi tauri, ki sa ta a roba ki ɗora robar a kan wani kwano mai ruwan ɗumi har ta yi laushin da yatsa zai shiga ba da ƙarfi ba, amma kar ki bari ta narke ta zama mai, narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Ƙwan ma ki saka su a ruwan ɗumi minti biyar da ɓawonsu.

Yanzu aikin dantse. Bota da suga a roba mai zurfi, ki dafe robar a cinya ki yi ta bugu da muciya. Da farko za ki ji sugan yana ƙaras-ƙaras a jikin robar kuma kwaɓin rawaya ne sosai mai nauyi, ki ci gaba, wajen minti 10 zuwa 15 za ki ga launin ya koɗe ya koma fari-fari, ya ƙara yawa, ƙarar ta ragu, in kin ɗaga muciyar yana maƙale mata da laushi. Wannan shi ne abin da injin marubuciyar ke yi mata cikin minti uku, iskar da kike shigarwa ita ce rabin tashin kek ɗin, don haka kar ki yi ha'inci a nan, in hannu ya gaji ki miƙa wa 'yar ɗakinku ai ita ma za ta ci. Daidai nan ne za ki kunna tukunyar yashi ta fara zafi.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki fasa shi a kofi daban tukunna don ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya ja miki asarar bota da suga, ki buga har ya ɓace sannan na biyu. In kin ga kwaɓin ya fara tsinkewa ya yi gudaji-gudaji kar hankalinki ya tashi, cokali ɗaya na fulawa zai haɗe shi. Ki sa filebo. Sai ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare, ki zuba rabi, madara, sannan sauran rabin. Daga nan bugu ya ƙare, juyawa ce a hankali daga ƙasa zuwa sama da cokali har farin fulawa ya ɓace, ki tsaya. In kika ci gaba da tuƙi fulawar za ta yi danƙo kek ya fito da tauri. Kwaɓin da ya yi daidai in kin ɗebo a cokali kin karkata zai ɗan yi jinkiri sannan ya faɗo da kansa.

Ki juye a gwangwani kar ya wuce kashi biyu cikin uku, ki buga gindinsa a ƙasa sau ɗaya, ki saka a tukunya ki rufe ki mayar da wuta ƙasa-ƙasa. Ki sa lokaci a waya. Minti 25 na farko ba a buɗewa ko da ƙamshi ya cika layin ɗakunan kuma an fara leƙowa ana "sannu da aiki", don iska mai sanyi na shiga zai faɗa. Bayan nan ki ɗaga murfin a karkace yadda gumin da ya taru ba zai ɗiga a kai ba, ki goge shi, ki soka tsinken sakace a tsakiya. In ya fito da kwaɓi ki rufe ki ƙara minti 10. Yawanci tsakanin minti 35 da 45 ya yi, tsinke zai fito a bushe, gefen ya ɗan janye daga jikin gwangwani. Saman kek na tukunya ba ya yin ja irin na hoton littafi, kar ki biye wa launi ki ƙona ƙasan. Ki ciro da tsumma mai kauri, yashin nan yana riƙe zafi fiye da zato, ki bar shi minti 10 sannan ki zagaya da wuƙa ki kife a faranti.

In ƙasa ta ƙone, wuta ta yi yawa ko gwangwanin ya yi kusa da yashi. In tsakiya ta lotsa, an buɗe da wuri ko bekin foda ta yi yawa. In ya yi nauyi bai tashi ba, bugun farko ne bai isa ba ko hodar ta mutu. Duk wanda ya faru ki rubuta a gefen shafin tare da mintin da ya ɗauka a tukunyarki, don kowace tukunya da halinta.

Ranar da ba ki da ƙarfin bugu ki nemi shafin biredin ayaba, kusan duk littafin gashi yana da shi. Ayaba uku da suka nuna har ɓawon ya yi baƙi-baƙi, wadda masu talla ke sayarwa da araha, ki dame su da cokali mai yatsu, man gyaɗa kashi ɗaya cikin uku na kofi, suga rabin kofi, ƙwai ɗaya, fulawa kofi ɗaya da rabi, bekin soda kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, gishiri kaɗan, juyawa kawai ba bugu, amma shi yana kaiwa minti 50 zuwa awa ɗaya. Mai yis kuwa irin biredi da fanke, in littafi ya ce a bar shi awa ɗaya ya tashi ki manta da agogo, ki rufe robar da leda ki kai ta rana ko kusa da tukunya mai ɗumi, sai ya ninka biyu sannan ya yi, ruwan kwaɓin kuma mai ɗumi wanda yatsa zai jure, mai zafi yana kashe yis.

Kek sai ya huce sarai ake rufe shi, in ba haka ba gumi zai sa ya yi saurin lalacewa. A roba mai murfi zai yi kwana uku ba firij, ki ɗora robar a faranti mai ɗan ruwa saboda kiyashi. Yashin ki bari ya huce ki juye a gwangwanin Milo ki ajiye don gashi na gaba. Ita kuma tukunyar daga ranar ta zama ta gashi, gindinta zai yi baƙi ya ɗan lanƙwashe, don haka ki sayi ta gwanjo a Katako, kar ki ari ta 'yar ɗakinku.